Soriyasis da ciwon hanta: ina suka haɗu?

Malam, ka tambaya ko ciwon hanta nau'in C ne ya jawo jajayen tabo masu farin ɓawo a gwiwar hannunka, wato ciwon fatar da ake kira soriyasis. A garkuwar jiki cututtukan biyu suke haɗuwa. Ƙwayar cutar hantar tana sa jiki ya yawaita sinadarin garkuwar jiki da ake kira TNF-alfa, shi kuma yana cikin masu ingiza fata ta yi ta sabunta kanta da gaggawa har ɓawon ya taru. Allurar intaferon da ake yi wa masu ciwon hanta nau'in C a da ma takan tayar da soriyasis, kafin ƙwayoyi irin sofosbuvir su zo a 2013.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne maganin fatar. Metotirezet yana wahalar da hanta, magunguna masu danne TNF kuma sukan farkar da ciwon hanta nau'in B da ya kwanta. Ka sa likita ya gwada jininka kafin ka fara.