Tambaya da Amsa: Ziyarar Batikan

Tambaya: Ina zaune a Sabon Gari, Kano. Ina son in kai mahaifiyata ziyarar ibada Batikan, mu kuma ga zane-zanen da ake ba da labari. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, fara da biza. Batikan a tsakiyar birnin Roma take, don haka bizar Schengen (wadda ake shiga ƙasashen Turai da dama da ita) ta Italiya za ku nema, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000.

Inda baƙi suka fi tafka kuskure shi ne ɗaukar wurin a matsayin ƙofa ɗaya. Biyu ne: babbar majami'a da gidan tarihi. Majami'ar Waliyi Bitrus kyauta ake shiga, layin bincike kawai za ku bi. Gidan tarihin kuwa sai da tikiti, kuma ƙofarsa tana can bayan ganuwa, tafiyar kamar minti 15 a ƙasa. Ki sayi tikitin a shafinsu na intanet tun kuna Kano, in ba haka ba Mama za ta sha tsayuwa a rana. Ba a buɗe gidan tarihin ranar Lahadi sai ta ƙarshen wata. Ranar kyauta ce, amma cunkoson bai dace da dattijuwa ba.

Ɗakin ibada na Sistine yana can kusan ƙarshen zagayen gidan tarihin, saboda haka kada ku ƙarar da ƙarfinku tun a ɗakunan farko. Rufinsa ne Michelangelo ya zana daga 1508 zuwa 1512. Ba a ɗaukar hoto a ciki, masu gadi kuma ba sa wasa. A babbar majami'a, da kun shiga ku dubi hannun dama: sassaƙen Maryamu riƙe da gawar Yesu a cinyarta yana bayan gilashi, tun da wani ya kai masa hari da guduma a 1972. Hawa ƙubba kuwa matakala 551 ne, ko an hau lif da sauran 320. A shawararmu, Mama ta haƙura da shi.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kwari, Musulmi, nakan je Italiya saro kaya. Za a bar ni in shiga?

Amsa: Sosai, Alhaji, ba a tambayar addinin kowa. Sharaɗin dai a rufe kafaɗa da gwiwa, kaftaninka ya wadatar. Sai dai a cikin majami'a maza kan cire hula. Babbar jaka kuma a wurin ajiya na gidan tarihin ake barinta.