Yawan ambato bai isa a auna masani ba

Malam, ka tambaya ko yawan takardun da masanin sinadaran ƙarfe da kabon ya wallafa, da yawan ambatonsu a takardun wasu masana, sun isa a san gwanintarsa. Ba su isa ba, alama ce kawai cewa ana karanta aikinsa. Ko h-index, lambar auna masana da Jorge Hirsch ya ɓullo da ita a 2005, haka take: h-index 40 na nufin takardu 40 ne aka ambaci kowacce aƙalla sau 40, kuma galibi dattijo ke gaban matashi, don ya fi daɗewa yana wallafa takardu.

Dubi Geoffrey Wilkinson na Ingila. 'Yar gajeriyar takardar da suka fitar da su masanin sinadarai Robert Woodward a 1952 kan siffar ferrocene, wani sinadarin ƙarfe da kabon, na cikin abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1973. Sinadarin ƙarfen rodiyom mai ɗauke da sunan Wilkinson kuwa, jar hoda ce a ƙaramar kwalba, mun sha aiki da ita a ɗakin gwaji ina digiri na biyu, amma ko sau ɗaya ban ambaci takardarsa ta asali ba. Sunan muke rubutawa mu wuce, Google Scholar kuwa, shafin da ke ƙirga ambaton takardu, ba ya ƙirga wannan.