Amsa: Canza fad ɗin birkin baya a gida

Malam, ka ce ka sauya fad ɗin gaba (abin da ke goga faifan birki ya tsayar da taya) lafiya lau, amma da ka zo na baya fistan da ke tura fad ɗin ya ƙi komawa ciki ko da ka matsa da ƙarfi. Don Allah ka dakata, kada ka ƙara matsa shi.

A motoci da yawa masu faifan birki a baya, birkin hannu a cikin kalifa (ƙarfen da ke riƙe da fad da fistan) yake aiki, shi ya sa fistan yake zaune a kan zare irin na noti. Juya shi ake yi, galibi zuwa dama, ana dannawa a lokaci guda. Duba fuskarsa, za ka ga tsagi biyu ko huɗu. Nan ne ƙarfen juyawa ke kamawa. In ka tilasta shi da matsi, za ka lalata zaren, kuma kalifar gaba ɗaya za ka saya. Ka tabbata birkin hannu a sake yake, ka tokare tayoyin gaba, kuma motar ta zauna a kan ƙafar ƙarfe, ba jak kaɗai ba.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne tsagin nan: in bayan sabon fad yana da ɗan ƙulli, sai tsagin ya daidaita da shi, in ba haka ba fad ɗin zai ci ta gefe ɗaya. Kada ka bar kalifar tana lilo a jikin tiyon man birki, ka ɗaure ta da waya. In tsohuwar mota ce, ka goge fil ɗin da kalifar ke zamewa a kai, ka shafa masa giris na birki. Ƙurar kuma kada ka hura ta.

Ka canza ɓangarorin biyu tare, sannan ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa motar.