Amsoshin Tambayoyinku: Hazon Jidda, Kuɗin Wutar Makka da Makomar Shara

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan fitowa, dukkansu daga 'yan'uwa mazauna Saudiyya, kuma mun haɗa su wuri guda ne domin amsar kowace tana taɓa ta 'yar'uwarta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a kudancin Jidda tare da 'ya'yana. Autan yana fama da ciwon fuka, kuma duk ranar da gari ya yi hazo sai numfashinsa ya sarƙe. Maƙwabta suna cewa ƙura ce kawai irin ta hunturun gida, babu yadda za a yi da ita. Shin haka ne, ko kuwa iskar ce take ƙara lalacewa? Daga wata uwa, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya. Maƙwabtanki sun faɗi rabin gaskiya. Ƙura ce kaso mafi girma na abin da ke gurɓata iskar wannan ƙasa: iskar arewa da ake kira shamal tana kwaso ta daga Iraƙi ta lulluɓe Riyad da gabashin ƙasar, ku kuma a Jidda, a watannin zafi, wata ƙurar tana tsallako muku Bahar Maliya daga yankin Tokar na Sudan. Wannan kam babu gwamnatin da za ta hana shi.

Amma akwai sauran rabin, wanda hannun mutum ne yake yin sa. Abin da likitoci suka fi jin tsoro shi ne ƙananan ƙwayoyin da ake kira PM2.5, waɗanda silin gashi ɗaya ya fi su kauri kusan sau talatin, saboda haka hanci ba ya iya tare su, sai su wuce har cikin huhu. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa bai kamata matsakaicinsu a shekara ya haura mikrogiram 5 a kowace kubik mita ta iska ba, kuma manyan biranen Saudiyya sun ninka wannan adadi sau da yawa. Wani ɓangare na waɗannan ƙwayoyi daga hayaƙi yake fitowa: na motoci, na jiragen ruwa da manyan motocin da ke hidimar tashar Jidda, da na tashoshin lantarki da na tace ruwan teku da ke bakin gaɓa, irin su Shu'aiba da Rabig da tashar kudancin Jidda, waɗanda suka daɗe suna ƙona mai. Idan ƙurar hamada ta gauraya da wannan hayaƙi a cikin iska mai laima, yaro mai fuka shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa.

Ta fuskar hayaƙi, abubuwa sun ɗan gyaru. An daina sayar da fetur mai dalma tun 2001, an rufe tsohuwar matatar mai ta Jidda a 2017, kuma a farkon 2024 aka shigo da fetur da dizal masu ƙarancin ƙibiritu a gidajen mai. Jirgin ƙasa na Haramaini, mai tafiya da lantarki, ya fara zirga-zirga tsakanin Makka da Jidda da Madina a 2018, Riyad kuma ta buɗe jirginta na cikin gari a Disambar 2024, layi shida masu tsawon kilomita 176. Sai dai Jidda har yanzu gari ne na mota, kuma yawan motocin da gine-ginen da ake yi suna cinye wani ɓangare na ribar da aka samu.

Abin da ke hannunki shi ne cikin gida. Ki riƙa duba sanarwar Cibiyar Hasashen Yanayi ta ƙasa a wayarki, domin tana gargaɗi kafin guguwar ƙura ta iso. A irin wannan rana a rufe tagogi, a toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, a goge ƙasa da ruwa maimakon shara da tsintsiya, kuma abin shaƙar da likita ya rubuta wa yaro ya kasance kusa da shi. Akwai kuma abin da zan faɗa duk da na san ba zai yi wa iyayenmu mata daɗi ba: kaskon turaren wuta a rufaffen ɗaki, da garwashin gawayi a ƙarƙashinsa, yana cika ɗakin da irin ƙwayoyin nan da muke gudu a waje. A turara ɗaki lokacin da yaron ba ya ciki, sannan a buɗe taga hayaƙin ya fita kafin ya dawo.

Tambaya: Na fi shekara arba'in a Makka. A da ba ma ko kallon faturar wuta, wato takardar kuɗin lantarki, yanzu kuwa idan zafi ya shigo sai ta kusa kamo kuɗin haya. Ƙasar da Allah ya hore wa mai, me ya sa wuta ta yi tsada haka? Kuma wutar rana da ake ta faɗa a labarai, za ta rage mana kuɗin? Daga wani dattijo, Makka.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Ba idonka ne ya yi maka gizo ba. Kafin 2018, gidan da bai wuce kilowat 2,000 a wata ba halala 5 yake biya a kan kowane kilowat (halala ɗari ce riyal ɗaya). Daga Janairun 2018 aka mayar da shi halala 18 har zuwa kilowat 6,000, abin da ya haura haka kuma halala 30. Wato ƙaramin gida ya wayi gari kuɗinsa ya ninka fiye da sau uku. A kan wannan aka ɗora harajin saye, wanda ya fara da kashi 5 cikin ɗari, ya koma kashi 15 a Yulin 2020.

Dalili kuwa shi ne wutar ba ta taɓa zama mai araha ba, gwamnati ce take biyan cikon. Da farashin gangar mai ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, baitulmali ya kasa ci gaba da ɗaukar nauyin, kuma a Afrilun wannan shekara ta 2016 aka ƙaddamar da shirin sauya fasalin tattalin arzikin ƙasar da ake kira Hangen 2030. An kafa wani asusu da ke biyan 'yan ƙasa masu ƙaramin ƙarfi kuɗi duk wata domin rage musu raɗaɗin ƙarin, amma mazauni mai iƙama ba ya cikin wannan rabo. Shi ya sa ƙarin ya fi yi wa mutanenmu nauyi fiye da maƙwabtansu 'yan ƙasa, kuma wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗe ta a fili.

Akwai kuma lissafin da ƙasar take yi. A tsakiyar zafi, ɗanyen mai da baƙin mai da ake ƙonawa a cikin gida domin samar da wuta da tace ruwa yakan haura ganga miliyan ɗaya a rana, man da da an sayar da shi a waje. Ruwan da kake alwala da shi a gidanka daga teku aka tace shi a Shu'aiba, aka turo shi ta bututu har Makka, kuma kowane mataki na wannan tafiya wuta yake ci. Hayaƙin wannan ƙonawa shi ne wanda muka ambata wa Hajiya a sama.

Batun wutar rana ba labari ba ne kawai. An buɗe tashar Sakaka mai megawat 300 a yankin Jauf a 2021, akwai ta Sudair mai megawat 1,500 a arewacin Riyad, akwai ta iska a Dumatul Jandal mai megawat 400, ga kuma manyan gonakin faranti a Shu'aiba waɗanda suka haura megawat 2,600. Burin da aka sanar shi ne rabin wutar ƙasar ya fito daga rana da iska nan da 2030, sauran rabin daga iskar gas, sannan a 2021 aka yi alƙawarin daidaita hayaƙin da ake fitarwa da wanda ake kawarwa nan da 2060. A ganina alƙiblar daidai ce, amma tazarar da ke tsakanin abin da aka gina da abin da aka yi alƙawari tana da faɗi, domin har yau mafi yawan wutar daga gas da mai take fitowa. Kuma ba zan ba ka shawarar ka jira saukin fatura daga wannan hanya ba: farashin da kake biya gwamnati ce take yanke shi, ba ya sauka don an buɗe sabuwar tasha.

Inda za ka samu sauƙi shi ne mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, domin sanyaya ɗaki ne yake cinye fiye da rabin wutar gidaje a ƙasar nan. Ɗauki tsohon mukayyif na taga mai jan kusan kilowat 2 a awa. Idan ya yi awa 12 kullum da cikakken ƙarfinsa, a wata ya sha kilowat 720, wato kusan riyal 150 har da haraji. Gida mai guda uku ya doshi riyal 450 kafin a kunna firji ko fitila. Saboda haka a wanke ragar da ke gabansa a kai a kai, a tsayar da shi a kan digiri 24, a toshe ɓarakar da ke gefen akwatinsa inda ake cusa kwali ko soso, a sa labule mai kauri a tagar da rana take bugawa. Idan za a sayi sabo, a duba takardar da hukuma take mannawa a jikinsa, a zaɓi wanda alamarsa ta fi kusa da kore.

Sannan ka bincika ko gidanku mita ɗaya kuke tarayya a kai, kamar yadda ake yi a tsofaffin gidajen haya da yawa. Iyali uku a kan mita ɗaya suna saurin ƙetare kilowat 6,000 a lokacin zafi, sai a riƙa caje su halala 30, alhali da kowa yana da tasa da babu wanda zai kai wurin. Ba na cewa a kashe mukayyif a zauna cikin zafi. A Hajjin 2024 ma'auni ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukuma ta sanar da rasuwar alhazai 1,301, galibinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba mafaka. Ga tsofaffi da jarirai, sanyin ɗaki a nan lalura ce.

Tambaya: Ina aiki a wani ɗakin taro a Madina, kuma abincin da muke zubarwa bayan kowace walima yana damuna. Ina ake kai duk wannan shara? Kuma mene ne matsayin iyayenmu mata da ke tsintar gwangwani da kwali suna sayarwa? Daga wani matashi, Madina.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da wannan damuwa. Mafi yawan sharar biranen Saudiyya binne ta ake yi a manyan filaye a bayan gari, kaɗan ne ake sake sarrafawa. Wani bincike da hukumar hatsi ta ƙasar ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 33 cikin ɗari na abinci yana salwanta ko a zubar da shi, kimanin tan miliyan 4 a shekara, wanda kuɗinsa ya kai riyal biliyan 40. Farantin shinkafa da nama da aka ɗan taɓa gefensa aka juye a leda ba ya ɓacewa don an binne shi. Yana ruɓewa a ƙarƙashin ƙasa ya fitar da iskar mesen, wadda take ɗumama duniya fiye da hayaƙin mota nesa ba kusa ba, ban da ruwan da aka tace da wutar da aka ƙona wajen dafa shi. Hanin da ya zo a aya ta 31 ta Suratul A'araf a kan ɓarna a ci da sha ya isa hujja ga mai gidan biki.

An kafa Cibiyar Kula da Shara ta ƙasa, wadda ake kira Mawan, a 2019, aka fitar da sabuwar dokar shara a 2021, kuma burin shi ne a kawar da sama da kashi 80 cikin ɗari na shara daga ramukan binnewa nan da 2035. Buri ne mai nisa idan aka dubi inda aka faro. Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne an taɓa magance irin wannan matsala a ƙasar nan: kafin 1983 naman hadaya mai yawa yana lalacewa a Mina, har aka kafa shirin da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yake gudanarwa, wanda yake yankawa, ya daskarar, ya raba wa mabuƙata a ciki da wajen ƙasar. A naka wurin, akwai ƙungiyoyin adana ni'ima masu rajista da suke zuwa ɗakunan taro su kwashe abincin da ba a taɓa ba su raba shi a daren. Sharaɗin shi ne a sanar da su kafin ranar biki, kuma a ware abin da ya rage a tukunya daga wanda hannu ya shiga. Ka kai wannan magana ga shugaban wurin aikinka, domin shi ma ragin shara riba ce a gare shi.

Iyayenmu masu tsintar gwangwani kuwa, tun kafin a kafa kamfanonin sarrafa shara su ne suke yin aikin, kuma sun cancanci a girmama su. Amma dole su san cewa baladiyya, wato hukumar gari, ta hana tonon akwatunan shara, tana kuma cin tara a kai, kuma yadda kamfanoni suke karɓe wannan harka, sana'ar za ta ƙara ƙuntata. Ga haɗarin fasasshen gilashi da allurar da aka yar, ga kuma ƙona wayar lantarki domin a ciro jan ƙarfe, wanda hayaƙinsa guba ne ga mai ƙonawa da yaran unguwa baki ɗaya, kuma ya kamata a bar shi gaba ɗaya. Gidajenmu za su iya rage wannan haɗari idan suka saba ware gwangwani da kwali da robar ruwa a buhu daban tun daga madafa, ba tare da sun haɗu da ragowar abinci ba, ta yadda duk wanda zai karɓe su, kamfani ne ko mutum, ba sai ya sa hannu a cikin ƙazanta ba.