Wace ciyawa zan bari a lambuna?

Tambaya: Malam, ina da ɗan lambu a bayan gida, tumatir da albasa. Da damina ta sauka ciyayi suka rufe shi. Maƙwabciyata ta ce kada in cire ko ɗaya, wai kowane tsiro magani ne. Akwai wani mai farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, kuma yarana a wurin suke wasa. Hankalina bai kwanta ba. — Wata uwa daga Zariya

Amsa: Hajiya, tafasa da lalo da gasaya da zaki-banza ki bar su a gefen fangali, kayan miya da kwaɗo ne, sai dai ki riƙa tsinka kafin su zubar da iri. Aya-aya da kiri-kiri kuwa a tone su har saiwa. In aka sare su da fartanya aka bar guntaye, sake tofowa suke yi.

Wancan mai farin furen zaƙami ne. Yau ɗin nan a tumɓuke shi.

Wannan magana ta "kowane tsiro magani ne" ta ishe ni. Kusan kullum sai na ji ta, yawanci daga bakin masu tallan magani da lasifika a kasuwa, waɗanda ba za ki gan su ba ranar da aka kwashi yaro sai asibiti. Zaƙami dafi ne tun daga saiwa har fure, 'ya'yansa sun fi muni. Yana ɗauke da sinadaran atropine da scopolamine. Yaro ya tauna kaɗan, sai baki ya bushe, jiki ya yi zafi ba gumi, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta yi ta bugawa, ya shiga sambatu yana kama abin da babu shi. A nan ne ake cewa iska ce, a tsaya turare da tofi, lokaci yana wucewa. Wai kuma akwai "ɗan daidai" da ake sha! Babu mai iya auna shi, domin ƙarfin dafin wannan tushe daban da na wancan. Kuma kada a kawo mini hujjar cewa akuya ta ci ba ta mutu ba. Cikin akuya daban, na ɗanki daban.

Ki sa leda a hannu ki cire shi, ki binne 'ya'yan a rami mai zurfi, kada a ƙone kusa da yara don hayaƙin ma yana bugarwa. In har yaro ya riga ya ci, kada a ba shi manja ko madara, a tafi asibiti tare da reshen a nuna wa likita.