Sifesa a tsohuwar mota: auna tukuna kafin ka saya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka samo sababbin rim za ka ɗaura wa tsohuwar motarka, wani ya ce dole sai da sifesa, wato faifan ƙarfen da ake sawa a bayan rim don ya turo tayar waje. Ba dole ba ne. Na daɗe ina sauya wa tsofaffin motoci ƙafa, kuma mafi yawansu sun tashi lafiya ba tare da ita ba. Sifesa tana magance matsala guda ce: rim ya shige ciki fiye da kima.

Ka kifa rim ɗin ka duba bayansa, za ka ga an buga ET da lamba, misali ET30 ko ET45. Wannan shi ne ofset, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke zama a jikin mota, da milimita. Yadda lambar ke hawa, haka tayar ke matsawa ciki wajen shokabzoba da birki. Tsofaffin motoci masu ja da tayoyin baya galibi ƙaramin ofset suke so, na zamani masu ja da tayoyin gaba kuwa babba, to rim ɗin zamani a kan tsohuwar mota yakan nutse.

Ga lissafi. A ce na asali faɗinsa inci 6 ne, ET30, sabon kuma inci 7, ET45. Ofset kaɗai ya tura shi ciki milimita 15, ƙarin faɗin ya ƙara kusan 13, ka ga leɓen ciki ya matso da wajen 28. Idan da ma ratar da ke tsakanin taya da shokabzoba yatsa ɗaya ce, ai sai guga. A nan sifesa ta milimita 15 ke da amfani, don ta maido da tsakiyar tayar mazauninta. Amma fa leɓen waje zai fito da kusan 13, sai ka duba madgad kada ya riƙa yankar taya in an ɗauki kaya ko an faɗa rami.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne ramin tsakiyar rim. Akwai wata Mercedes da aka taɓa kawo mini, sitiyari na rawa da zarar an taka ta a babbar hanya. An yi balansin, an yi alayimen, har an sa sifesa, shiru. Da na cire tayar na sa hannu, sai na ji rim ɗin yana wasa a kan hob, wato ƙarfen da ake ɗaura rim a jikinsa. Hob ɗin Mercedes milimita 66.6 ne, ramin rim ɗin kasuwa kuma 73.1. Ɗan zobe ne kawai ake buƙata ya cike ratar, ba sifesa ba. Ana sa shi rawar ta ɗauke.

Sai tsarin ramukan noti, wanda ba a yi masa dabara. Mercedes 5x112 ce, wato ramuka 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 112, BMW ta da 5x120, Peugeot 504 kuma 4x140, wadda samo mata rim ɗin zamani aiki ne ja. Idan ba su dace ba, sifesa ta yau da kullum ba ta gyarawa. Akwai adafta mai sauya tsarin ramukan, amma ni ban cika son ta ba, gara a mayar da rim ɗin a canzo.

In ma aune-aunen sun nuna sai da sifesa, to a nan nake da tsauri. Ka nemi wadda ke da leɓe a tsakiya da zai zauna daram a kan hob, rim kuma ya zauna a kanta. Irin shafaffun nan masu ramuka barkatai da ake cewa suna shiga kowace mota, kada ka kusance su. Kuma duk kaurin da ka ƙara, sai ka ƙara wa notin tsawo daidai da shi. Ƙa'idar ita ce zaren ya kama aƙalla gwargwadon kaurin notin, wato milimita 12 ga noti M12, kusan juyi 8 kenan. Ka ƙirga da hannunka kana ɗaurawa. Ka kuma duba wuyan notin: rim ɗin Mercedes na asali mai zagayayyen wuya yake ɗauka, na kasuwa yawanci mai tsini. In aka haɗa su ba daidai ba, sukan kwance a hanya.

Sannan kada a yi zarin kauri don kawai tayar ta fito ta yi kyau. Da zarar an wuce mazaunin da kamfani ya tsara, nauyi na ƙaruwa a kan boris, kuma boris ɗin tsohuwar mota da ma ya sha wuya.

Kafin ka kashe ko sisi, ɗaga motar da jak, ka goge tsatsar fuskar hob, ka ɗaura rim ɗaya a gaba, ka juya shi da hannu ka saurara, ka karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe. In bai taɓa komai ba, ka huta da sifesa. In ka sa ta, ka sake ɗaure notin bayan kilomita 50 zuwa 100. Turo mana samfurin motar da lambobin da ke bayan rim ɗin, na tsoho da na sabo, sai a lissafa maka kaurin da ya dace.