Zubar jini bayan haihuwa: me binciken Farfesa Hadiza Galadanci ya canja?

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Shekara biyu ke nan da yayata ta rasu a haihuwarta ta shida, jini ne ya ɓalle mata. Yanzu ni ma ina da cikin wata bakwai, tsoro ya hana ni barci. Na ji a rediyo ana yabon Farfesa Hadiza Galadanci a kan wani bincike game da zubar jini. Shin binciken yana amfanar talaka irina, ko na masu digiri ne kawai? Daga wata mai karatu a Gwarzo.

Amsa: Allah Ya jiƙan yayarki, ƙanwata, Ya raya abin da ta bari. Ke kuma Allah Ya sauke ki lafiya.

Yana amfanar ki, kuma bari in faɗa miki ta yadda ni ungozoma na fahimce shi. Duk shekarun da na yi a ɗakin haihuwa, da ido muke auna jini. Mu dubi zani, mu dubi tsumma da shimfiɗa, mu ce "bai yi yawa ba". Alhali a lokacin binciken, in mace ta zubar da mililita 500 bayan haihuwa, wato kimanin cikin ledar ruwan fiya-wata guda ɗaya, an shiga haɗari. Zani kuwa shanye jini yake yi. Har yau ina tuna wata yarinya da nake hira da ita tana shayar da jaririnta, sai na ga leɓenta ya yi fari fat. Allah Ya sa ta rayu, amma na makara wajen ganewa, kuma abin bai bar zuciyata ba.

Wannan makarar ce binciken da ake kira E-MOTIVE ya sa a gaba. Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya ne suka ja ragamarsa, Farfesa Hadiza ta Jami'ar Bayero Kano ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An yi shi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, aka fitar da sakamako a 2023.

Abin da aka gwada ba shi da tsada. Wata leda ce ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, ƙasanta kamar mazurari, da layukan awo a jiki. Jinin yana taruwa a ciki, kowa yana ganin inda ya kai. Da ya kai layin haɗari, ba a jira a gwada magani ɗaya a ga ko zai yi, kamar yadda muka saba. Lokaci guda ake murza mahaifa don ta tsuke, a yi allurar oxytocin mai ƙara tsuke mahaifar, a ba da tranexamic acid mai taimaka wa jini ya daskare, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba ko an samu ƙari, wato yagewa, ko ragowar mabiyiya. In bai tsaya ba, a kira babban likita.

A asibitocin da suka ci gaba da tsohon tsari, rabin masu zubar jinin kawai aka gano. Inda aka yi amfani da ledar, an gano 93 cikin 100. Zubar jini mai tsanani, da kai wa ga tiyata ko mutuwa saboda jini, idan aka haɗa su, sun sauka daga kashi 4.3 zuwa 1.6 cikin ɗari. Ragin kusan kashi 60 ke nan. A ƙarshen shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da tsarin cikin shawarwarinta. Ni da wannan nake auna malami: ko abin da ya rubuta ya canja abin da hannun ungozoma ke yi da ƙarfe biyun dare. Nata ya canja.

Sai dai, ƙanwata, ledar ba ta zuwa ɗakinki. A nan Arewa yawancinmu a gida muke haihuwa, kuma in jini ya ɓalle sai dattawa su ce datti ne ke fita, a bari ya fita. Jinin biƙi daban, wannan daban, shi yana iya kashe mace cikin awa biyu.

Saboda haka ki ci gaba da zuwa awo, a duba yawan jininki, ki riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini, domin mai ƙarancin jini ba ta jure ko ƙaramar zuba. Ki gaya wa ma'aikatan abin da ya sami yayarki, ki tambaye su ko suna da ledar awon jini da magungunan nan. Ki zauna da maigida tun yanzu a tanadi kuɗin mota da ɗan'uwan da zai ba da jini in ta kama. Naƙuda na tashi ki tafi asibiti, kuma bayan kin sauka kada ki yi gaggawar komawa gida sai sun sallame ki da kansu.